Bashin Tururuwa

Shafi'u ya hau motar Yamai da asuba,
ya bar mini takalmansa, ɗaya ya tsinke,
da wani akwatin gilashi a bayan randa.
Ya ce, "Baba, amana ce, kar ka bari su ji ƙishirwa."

Ni da na shekara talatin da huɗu ina awon wake
a Babbar Kasuwa, rumfa ta uku daga masu gujiya,
ni da na ƙarar da toka da kananzir
a kan waɗannan ƴan baƙaƙen ɓarayi,
yau ni aka naɗa makiyayin tururuwa.

Ya rubuta mini ƙa'ida a bayan takardar lakwal:
gero kaɗan, jiƙaƙƙiyar auduga,
tsutsa biyu ran Litinin, biyu ran Juma'a.
Na ce, tsutsa? Ya ce, "Ƴaƴansu nama suke so,
hatsi kaɗai ba ya kawo ƙaruwa."

To, tsutsa ba ta yi mini wuya ba.
Akwai buhun da ya yi damina a ƙuryar rumfa.
In na fasa ƙwaya da farce, ga ta nan a naɗe,
fara sol, ta ci ribata ta yi ƙiba.
Da can zaginta nake yi in watsa wa kaji.
Yanzu a gwangwanin tumatir nake ɗauko ta,
cikin aljihun gaba, kamar goron gaisuwa.

Bayan la'asar nakan jawo tabarma,
in sa tsinken tsintsiya in sauke ta bakin rami.
Ɗaya ta fito, ta taɓa, ta ja da baya,
ta koma ciki a guje ba ko sallama.
Kafin in gyara zama sun fito rututu,
wata ta kama kai, wata ta kama gindi,
wata ƴar ƙarama tana ja inda babu hanya,
sak Illo dillali in ana sauke kaya:
ya fi kowa gumi, aikinsa nuni da tsawa.

Ta jikin gilashi ina ganin ɗakunansu.
Nan rumbu, nan juji, can ƙasa uwarsu
kewaye da ƴan farare kamar tsakin shinkafa.
Abin da ya tsaya mini a rai,
tsutsa ce ake yanka wa tsutsa,
ɗaya tana da dangi, ɗaya ba ta da kowa.

Barira ta leƙo ta ce tsufa ya zo mini da wuri.
"Mutane na kiwon jar akuya, su sha nono, su sayar da fata.
Kai me za ka tatsa?" Na yi shiru.
Ban gaya mata abin da Kaka Tsahara ta faɗa mini ba
a Tibiri, ina yaro, tana cire mini ƙaya a dunduniya:
shekarar da gulbi ya ƙi zuwa, ɓera ya yi ƙaura daga rumbu,
da fartanya suka fita, ita da ƙannenta,
suka tona gidan tururuwa har iya ƙugu,
suka sheƙe ƙasa, suka sami rabin ƙwarya.
Kunun da aka dama da shi ne ya tsallakar da uwata.
Ta ce, "Ko ƙwaya ba mu bar musu ba.
Haka take, yunwa."

Ni mai awo ne, na san bashi in na gan shi.
Rabin ƙwarya, shekara saba'in da ɗoriya,
ana biya da tsutsa huɗu a mako.
Na buga lissafin a ƙasa, na share da tafin hannu.
Irin wannan ba ya biyuwa.

Jiya Shafi'u ya kira, layi na ta yankewa.
Bai tambayi ciwon ƙafata ba, bai tambayi ciniki ba.
Ya ce, "Sun ci?" Na ce sun ci,
har sun haƙa sabon ɗaki wajen kusurwa.
Ban ce masa ran Laraba ma na ƙara musu ɗaya ba.
Ban ce masa na daina barbaɗa toka ba
a bakin rumfa, inda ƴan'uwansu ke wucewa.